Jingar dam ɗin garinmu ta fara naso

Tun watannin baya nake son in rubuta wannan abun amma kullum sai in aje, dan maganar ta haɗa abubuwa da yawa, akwai tsoro ciki, akwai maganar kuɗi, sannan akwai 'yan uwa da maƙwabta da ban son in ɓata ma kowa rai. To yanzu bazara ta shigo, an fara ganin hadari ta gabas da marece, naga in ban faɗa yanzu ba sai yaushe.

Garinmu yana ƙasar Daura, ba sai na ambaci suna ba, wanda ya sani ya sani. Ni ina zaune cikin Katsina wajen neman abinci amma mahaifiyata da ƙannena duk suna can. Muna da dam, ba irin manyan nan ba kamar Sabke ko Daberam, ƙarami ne, jinga ce ta ƙasa aka ja aka tare wani rafi da ke kawo ruwa da damina. Dattawa sun ce tun muna cikin jihar Kaduna aka yi shi, kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 kenan, cikin shekarun nan da aka duƙufa gina dam-dam a Arewa bayan farin da aka sha na farkon shekarun 1970. Kaga kenan ya girme ni, ya girmi galibin masu cin abinci da shi yanzu. Kuma cin abinci dai na gaske, dan 'yan lambu da ruwanshi suke tumatur da albasa da tattasai da rani, masunta na kama tarwaɗa da karfasa, Fulani na kawo shanu mashaya, masu bulo na ɗibar laka da ruwa, 'yan garuwa na cika jarkoki, kai har rijiyoyin cikin gari in ka lura ba su ƙafewa da wuri saboda shi. Mu da muka tashi nan bamu taɓa ɗaukarshi abun da mutum ya gina da hannu ba, gani muke kamar tudu ne da Allah ya aje, shi yasa ba wanda ya taɓa tunanin yana tsufa.

Bayan kaka da ta wuce naje gida, an gama yankan gero ana ta sussukar wake, ko'ina ya fara bushewa. Da safe Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya aiko yaro wai in zo in raka shi. Shi masunci ne tun yana saurayi, kuma ba mai yawan magana bane. Bai ce mani komi ba har muka zagaya bayan jingar, ɓangaren da ba ruwa, sai ya tsaya ya nuna mani wani waje da sanda. Duk ciyawar wajen ta yi ja ta bushe amma nan wani fili kamar faɗin tabarma uku kore shar, har da kacalla ta fara fitowa. Yace "taka ka ji." Ina takawa ƙafata ta nutse har idon sawu, ruwa ya taso ya cika gurbin. Yace "ɗan nan, bara iyakar abun nan bai wuce faifai ba." Na ɗaga kai na kalli jingar sama da mu, na juya na kalli gangare, ga rufin kwanon unguwarmu nan ana hangowa, gidan da Inna ke kwana na cikin gidajen farko da ruwa zai tarar in ya taso. Wallahi ranar ban iya cin abincin kirki ba.

Da a ce shekaru biyar baya ne ƙila in ce ai naso ne kawai, kowane bango na yi. Amma duk mun ga abun da ya faru Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, mun ga bidiyon mutane bisa rufin gidaje, kasuwa cikin ruwa, asibiti cikin ruwa, har namun dajin gidan zu ruwa ya ci wasu ya fito da wasu. Kuma ba shi bane na farko, a 1994 ma ruwan Alau ya shiga garin. Manya kuma suna tuna na Bagauda ta ƙasar Kano da ya fashe cikin watan Agusta 1988. Namu bai kai ko kusa da waɗannan ba, na sani, amma gidan ƙasa ba ya buƙatar ruwan Alau kafin ya zauna, ruwa iya gwiwa mai gudu cikin dare ya ishe shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ba tsayawa kallo ake ba.

Allah ya taimake mu akwai wani ɗan garinmu injiniyan ruwa da ke aiki wata jiha, na kira shi na tura mashi hotuna ta WhatsApp, bayan sati biyu ya zo da kuɗin motarshi. Yinin nan da muka yi muna bin jingar da ƙafa, ni da shi da Kawu da Sarkin Ruwa da wasu samari, na koyi abun da ban koya ba duk tsawon zamana garin, shi yasa nake son in ɗan tsaya nan in faɗi yadda ya yi mamu bayani, ƙila wani garin su amfana.

Yace da farko mu cire ma ranmu cewa dam ɗin ƙasa ba ya yoyo. Kowane na yi, ruwa na bin cikin ƙasar a hankali yana fita ta gindi, an san da haka tun wajen gini. Shi yasa ake sa yumɓu mai danƙo a tsakiyar jingar kamar ɓargo cikin ƙashi, ana zubawa kaɗan-kaɗan, kauri kamar taƙi guda, a yayyafa ruwa a bi da rola a daɓe sannan a ƙara wani bisa. Gefen ruwa a jera duwatsu dan kar igiyar ruwa ta riƙa gatsar ƙasar, gefen baya a bar ciyawa mai kama ƙasa. Abun tambaya ba wai yana naso ko ba ya yi ba, a'a, ruwan da ke fitowa garai yake ko da laka, kuma yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake. Ya sa aka kawo kwalba fara ya ɗebi ruwan ya aje bisa dutse, muka zauna muna jira kamar masu jiran sakamakon asibiti. Bayan wani lokaci ya ɗaga ta ga rana, sai ga ɗan gari-gari ya kwanta a gindin kwalbar, ba yawa amma akwai. Yace kun ga wannan, wannan ƙasar jingarku ce ruwa ke sata ƙwaya-ƙwaya. Yace haka abun ke farawa, ruwa ya samu 'yar hanya kamar ta allura daga baya yana cin ƙasa yana komawa ciki, hanyar na faɗi tana tsawo, daga sama ba ka ganin komi kana tafiyarka bisa jinga lafiya lau, ranar da ramin ya haɗe da ruwan dam to cikin 'yan awoyi an gama.

Wani saurayi cikinmu yace to ai sai a kawo laka a toshe wajen a daɓe. Injiniya yace nan ne mutane ke kashe kansu da kansu. In ka toshe ta baya ruwan bai koma ba, taruwa zai yi cikin jingar ya jiƙa ta ya nemi wata ƙofar, ƙila ma ya zame da gefen gaba ɗai. Abun da ake yi shi ne a bar ruwan ya wuce amma a hana shi tafiya da ƙasa, a shimfiɗa yashi mai tsabta bisa wajen, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu, kamar rariya dai. Ni wannan ya tsaya mani a rai ƙwarai, dan da mu kaɗai ne wallahi toshewa zamu yi kuma mu koma gida muna murna mun yi aiki.

Daga nan ya shiga nuna mamu abubuwan da kullum muke wucewa ta gabansu. Itatuwan bedi da bagaruwa da suka girma bisa jingar, waɗanda muke zama inuwarsu muna cin rake, ashe saiwarsu na ratsa jingar tana neman ruwa, ranar da iccen ya mutu saiwar ta ruɓe ta bar rami kamar bututu. Kuma yace kar wanda ya ɗauki gatari ya sare manyan haka nan, sarewa kawai shi ne kashe saiwar da hannunka, sai ruwa ya ja baya a tono kututturen da saiwar a cike da yumɓu a daɓe. Ƙananan kam a cire su tun yanzu. Muka ƙirga suri har guda nawa a gefen baya, gara ta yi gidaje cikin jingar, ga ramukan gafiya, ga hanyar da shanu suka yi suna gangarawa mashaya wadda ruwan sama ya bi ya mayar da ita kwazazzabo. Tsakiyar jingar kuma inda amalanke da babura ke bi ya lotsa, in ka tsuguna daga gefe ka hanga zaka ga ya yi ƙasa kamar bayan tsohon jaki. Duwatsun gefen ruwa rabi babu, wasu ruwa ya ja, wasu kuma mu muka kwashe muka yi harsashin gini da su, wannan gaskiya ce ba sai an ɓoye ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga, mu kau da hannunmu muka riƙa tsaga namu.

Amma inda ranshi ya ɓaci sosai shi ne makwarara, wato mafitar da aka yi gefe da siminti dan in dam ya cika rarar ruwan ta bi ta nan ta wuce. Shekaru da yawa ruwa na kawo yashi da laka daga gonakin sama yana zubewa ciki, dam ɗin ya cike, ruwan da da ke kaiwa har bazara yanzu tun watan Maris ya fara ja da baya. To 'yan lambu da suka ga haka sai suka riƙa jera buhunan yashi a bakin makwarara ƙarshen damina dan ruwa ya ƙara tsayi. Ban zarge su ba, mutum ya ci bashi ya sayi iri da taki yana kallon albasarshi na ƙonewa dole ya nemi dabara. Amma injiniya yace tazarar da ke tsakanin saman ruwa da saman jinga ita ce ran dam ɗin, duk buhun da ka ɗora ka rage ta, kuma dam ɗin ƙasa ba ya yafe ruwa ya hau kanshi, siminti na iya jurewa amma ƙasa in ruwa ya tsallake ta ya fara zuba ta baya yanka ta yake kamar wuƙa. Ya yi mamu lissafi a ƙasa da tsinke, yace ruwan sama milimita 1 bisa hekta 1 lita 10,000 ne. In aka yi ruwa milimita 50 dare ɗaya, irin wanda ake yi cikin Agusta, bisa fili mai faɗin kilomita 1 tsawo kilomita 1, lita miliyan 50 kenan, kusan tankar mai 1,500 irin mai cin lita 33,000. Ƙasa zata sha wani, amma in ta riga ta ƙoshi da ruwa mafi yawa gangarowa zai yi, kuma filin da ke zubo ma rafinmu ruwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Sarkin Ruwa ya yi shiru yana kallon buhunan nan, can yace "injiniya, mu fa ruwa muka sani, bamu san bango ba."

Wasu da na ba labari nan Katsina sun ce ai matsalar dama dan na ƙasa ne, da na kankare aka yi da ba haka ba. Ni ban yarda ba. Zobe ta wajen Dutsinma da aka gama a 1983 na ƙasa ne, tsayinshi mita 19, tsawo ya haura kilomita biyu da rabi, yana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Na Jibiya ma na ƙasa ne, sai dai an shimfiɗa mashi wata irin leda mai kauri dan tare ruwa. Ajiwa da muke sha cikin Katsina tun shekarun 1970 yake nan. Ƙasa ba laifinta bane, abun dai kamar gidan ƙasa ne, mai gida ya san duk shekara kafin damina sai ya yi yaɓe ya gyara indararo, wanda ya bar nashi shekara talatin ba yaɓe ba zai ce magini ya cuce shi ba. Bambancin kawai gida na da mai shi, dam ɗinmu kau kowa na cewa na gwamnati ne in ana maganar gyara, in ana maganar ɗibar ruwa kuma na kowa ne.

Nan muka zo ga maganar kuɗi, inda abun ya fi wuya.

Dagaci ya tara mutane ƙofar gidanshi bayan sallar Juma'a. Injiniya ya raba aikin gida biyu, yace akwai wanda hannu da kwando da shebur zasu iya, akwai kuma wanda sai an kawo katafila da rola da tifofin yumɓu, ga simintin makwarara da ya tsage ƙasan shi ya rarake, wannan maganar miliyoyi ce, musamman yadda dizal da siminti suka koma tun bayan cire tallafin mai a 2023. Aka kawo shawarar kowa da ke amfana da ruwan ya riƙa ba da wani abu duk shekara, mai injin ban ruwa gwargwadon injinshi, masu bulo gwargwadon tifa, masunta ranar da aka buɗe su, makiyaya gwargwadon garke. Kafin a rufe baki wani dattijo cikin manyan 'yan lambu ya miƙe yace "ranka shi daɗe, ruwa na Allah ne, kuma Annabi (SAW) yace mutane sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, ƙaƙa za'a ce mu biya kuɗin ruwa?" Mutane da yawa suka ce gaskiya ne. Dagaci ya juya wajen Liman yace "Allah gafarta Malam, mi ka gani?" Liman yace hadisin haka yake, kuma ba wanda za'a hana ya sha ko ya shayar da dabbarshi ko da ba shi da ko sisi. Amma ba ruwa ake sayarwa ba, jinga ake gyarawa, ruwan sama kyauta Allah ke saukar da shi amma ba kyauta yake tsayawa ba, da ba jingar da tuni ya wuce abunshi tun watan Satumba. Wani kuma yace to a sa zakka ciki, Liman yace a'a, zakka na da mutanenta kashi takwas da aka lissafa cikin Suratut Tauba, ba'a gina bango da ita, amma ƙofar sadaka mai gudana da waƙafi a buɗe take, kuma shayar da ruwa na cikin mafifitan sadaka.

Ni abun da ya ƙona mani rai a taron nan, kuma har yanzu yana ƙona mani, shi ne yadda aka raba riba da haɗari. Masu manyan lambuna galibi gidajensu na bisa tudu, wasu ma ba 'yan garin bane, haya suke kama fili su zo da injina uku huɗu su kwashe tumatur su loda mota su tafi. Waɗanda ke kwana ƙarƙashin jingar kuma su ne irin su Inna, tsofaffi da zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi da ko kadada ɗaya basu da ita bakin ruwa. Wanda ya ɗora buhun yashi a makwarara ya samu ƙarin kwandon albasa, wanda zai biya in abu ya ɓaci kuma wata tsohuwa ce da bata san ma an ɗora ba. Na tashi na faɗi haka gaban kowa, muryata na rawa, wasu basu ji daɗi ba, akwai wanda har yau gaisuwarmu ta ragu. Amma ban ga yadda za'a ce gidan da ke gangare da mai injin huɗu su ba da daidai wa daida ba. A ƙarshe an yarda gidajen gangare ba za'a ɗora masu komi ba sai abun da suka ga dama, kuma wallahi washegari wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikanta da kwano biyu na gero wai a sa cikin na gyara.

Sai kuma maganar amana. Shekarun baya an taɓa tara kuɗi garin dan wani aiki, aikin bai yiwu ba kuɗin ma ba'a sake jin labarinsu ba, ba zan tono wannan ba amma shi ne dalilin da yasa duk wanda ka miƙa ma hannu sai ya tambaye ka wa zai riƙe. Shi yasa wannan karon aka ce kuɗi ba zasu kwana aljihun kowa ba. An buɗe asusu a banki, mutum uku ke sa hannu, ɗaya daga 'yan lambu ɗaya daga masunta ɗaya daga unguwar gangare, kuma duk Juma'ar farkon wata ana karanta abun da ya shigo da abun da ya fita ƙofar masallaci, a ɗauki hoton takardar a tura guruf ɗin 'yan garin da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Tun da aka fara tura hoton nan alat ya ƙaru, mutanenmu ba rowa gare su ba, tsoron a mayar da su wawaye suke. Arɗo ma da aka je aka same shi har ruga aka yi mashi bayani, ba aike aka yi mashi ba, ya kawo nasu kuma ya yarda a sauya ma shanu hanya su riƙa zagayawa ta gefe maimakon hawa jinga. Da ma abun da ake tsoro kenan kar ya zama rigimar manoma da makiyaya, Allah ya kiyaye bai zama ba.

Da rani an yi gayya Asabar huɗu a jere. An kwashe buhunan makwarara, wannan sai da dagaci ya tsaya da kanshi. An cire ƙananan itatuwa, an tone suri har sai da aka kai ga uwar garar aka cike da yumɓu ana daɓewa da turmi da taɓarya da guntun icce, an cike kwazazzabon shanu, an yi shimfiɗar yashi da tsakuwa a wajen nason yadda injiniya ya zana mamu a takarda, kuɗin asusu suka sayi tifofin dutse. Mata suka yi ta kawo kunu da fura. An shirya dashen jema da kiri-kiri gefen baya da zarar ruwa ya sauka. Masu bulo kuma an ce su ɗebi laka kyauta iya son ransu amma daga can saman dam inda ya cike, ba daga gindin jinga ba inda suka saba, manoma ma sun fara kwasar lakar da amalanke suna kaiwa gona dan ta fi taki arha. Ba zai yashe dam ɗin ba amma ko ba komi ana ragewa.

To amma kar in yaudari kowa, gayya bata gyara cikin jinga ba. Manyan itatuwan na nan, lotsawar tsakiya na nan, makwarara na nan a tsage, kuma abun da ke asusu ko kwatan kuɗin katafila bai kai ba. Ina jin haushin masu cewa jama'a su tashi su yi ma kansu komi kamar talaka na da rola a gida. Wannan aikin hukuma ne kuma haƙƙinmu ne mu nema. Mun rubuta takarda da hotuna da rahoton injiniya mun kai wani ofishi, sau uku ina zuwa da kaina, na farko aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na biyu aka ce a sake kawo kwafi dan ba'a ga na farkon ba, na uku aka ce za'a turo a duba, har yau muna jira. Akwai kuma wani mai neman kujera da ya zo ya tsaya bisa jingar aka ɗauke shi hoto yace an gama, ba mu sake ganinshi ba. Bamu daina ba dai, yanzu muna haɗa takardun neman shiga shirin nan na ACReSAL da Bankin Duniya ya sa ma dala miliyan 700 dan jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ya shafi gyaran ƙasa da ruwa, kuma waɗanda suka san kan irin wannan nema sun ce mamu garin da ya zo da asusunshi da kwamitinshi da shaidar aikin da ya yi da hannunshi ya fi saurin samun kunne, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abun da na kasa ganewa shi ne yadda sabon aiki ke da masoya amma gyara maraya ne. Sabon dam ana yanka kirtani a sa allo da suna, cire suri da cike rami kuwa ba wanda zai sa ma allo. Bayan Alau ya ɓalle gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 dan sake gina shi a 2025, kuma ya kamata a yi, mutanen Borno sun cancanta. Amma ina ta tunanin ƙananan dam-dam nawa ne cikin ƙauyukan Katsina da Jigawa da Kano da Zamfara da suka kai shekarun namu, waɗanda ɗan kaso kaɗan cikin irin wannan kuɗin zai ishe su gaba ɗai, kuma ba wanda ya taɓa zagayawa bayansu ya taka ƙasar da ƙafa ya ji ko tana nutsewa. In akwai irin shi garinku, dan Allah ran da kaje gida ka zagaya bayan jingar bayan kaka, ka duba ko akwai inda ya yi kore shi kaɗai.

Yanzu dai ga inda muke. Injiniya yace bana kar a bari dam ɗin ya cika taf, an haƙa 'yar hanya gefen makwarara cikin ƙasa mai tauri nesa da jinga dan ruwa ya fara fita da wuri, 'yan lambu sun san noman ranin baɗi zai ragu kuma ba duka suka haƙura ba, akwai yiwuwar wani ya sake kawo buhu cikin dare, shi yasa aka sa samari su riƙa zagayawa. An kafa wani ƙarfe cikin ruwa an yi mashi zane-zane da jan fenti, in ruwa ya kai zanen sama za'a yi shela da lasifikar masallaci mutanen gangare su hau makarantar firamare da ke bisa tudu. Kawu kuma an ba shi jarka mai lita 25 da farar kwalba, kullum da safe zai tara jarkar a bakin bututun da aka sa ƙarƙashin tsakuwar, jikanshi ya duba agogon waya ya rubuta minti nawa ta cika a littafi, in ta fara cika da sauri fiye da jiya alhali ruwan dam bai ƙaru ba, ko kwalbar ta nuna laka, a kira injiniya ko ƙarfe nawa ne.

Na roƙi Inna ta zo Katsina ta zauna wajena daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Tace "to in na tafi, sauran mutanen unguwar fa, su wa zai ɗauka?" Ban samu abun ce mata ba. Na dai saya mata tocila mai caji, na haɗa mata takardun gida da katin asibitinta cikin leda na rataye bayan ƙofa, na kuma sa ƙanena ya koma kwana ɗakin zaure har damina ta wuce. Ranar Asabar mai zuwa insha Allah zan sake komawa ofishin nan da kwafi na huɗu.